DAUDA BLOCH, KURMA MAI ZANE

Babu garin da ba a san sanƙarau ba a ƙasarmu. In sanyi ya wuce, zafi ya kama, sai ciwon nan ya shiga bin gida gida. Waɗansu ya kan ɗauke su, waɗansu kuwa su kan tashi, amma kunnensu ba ya tashi tare da su. A wannan wata za mu ba ku labarin wani yaro wanda sanƙarau ya toshe wa kunne tun yana goye, can a ƙasar Jamus. Ya tashi maraya, ga shi kurma, ga shi kuma Bayahude a zamanin da a ke farautar Yahudawa. Duk da haka ya yi shekara 92 a duniya, ya bar hotuna ɗaruruwa waɗanda ya zana da hannunsa. Sunansa David Ludwig Bloch. Mu dai za mu ce da shi Dauda, gama sunan ke nan a bakinmu.

Asalinsa

An haifi Dauda ran 25 ga Maris, 1910, a wani ƙaramin gari wai shi Floss, cikin lardin Babariya, kusa da iyakar ƙasar da a ke kira Cek yau. Yahudawa sun daɗe a garin, tun daga shekara ta 1684. Suna da unguwarsu a bisa tudu, da majami'arsu, da wurin bizne matattunsu. Jamusanci su ke ji, Jamus kuwa ita ce ƙasarsu, ba su san wata ba.

Tun yana jariri uwarsa da ubansa suka rasu, sai dangi suka riƙe shi. A cikin wannan ƙuruciya kuma sanƙarau ya kama shi. A zamanin nan ba a sami magungunan da a ke kashe ciwon da su yanzu ba tukuna, yaron da ya kamu kuwa sai abin da Allah ya yi. Dauda ya tashi, amma ba ya ji. Ciwon ya same shi tun bai koyi magana ba, watau bai riƙe ko kalma ɗaya a kunnensa ba wadda zai dinga tunawa da ita.

Makarantar kurame

Ga abin da ya raba Dauda da dubban yara irinsa: ba a bar shi a gida ba. Yana wajen shekara 5 aka kai shi makarantar kurame ta birnin Munik, babban birnin Babariya. Daga baya ya ƙara karatu a wata makaranta a garin Yena.

Jamusawa sun daɗe da makarantun kurame. Wani malami mai suna Samuel Heinicke ya buɗe ta fari a garin Laifzig cikin 1778. Hanyarsa ita ce a koya wa kurma magana da baki, ya kuma koyi karanta leɓen mai magana. Cikin 1880 malaman kurame na ƙasashe dabam dabam suka yi babban taro a Milan ta ƙasar Italiya, suka shirya a bi wannan hanya, a bar maganar hannu. Domin haka a makarantun Jamus na zamanin Dauda, yaro ya kan sa hannu a maƙogwaron malami domin ya ji motsin murya a yatsunsa. Ya kan duba madubi ya ga yadda harshensa ke tafiya. A kan sa kyandir ko gashin tsuntsu a gabansa domin ya ga ƙarfin numfashinsa. Aiki ne mai wuya ƙwarai, ya kan ci shekaru. A cikin aji an hana maganar hannu, amma in yara suka fita wasa, ko suka koma ɗakin kwana, da hannu su ke taɗinsu.

Masu ilimin wannan aiki a yau sun gane hana maganar hannu kuskure ne, ya cuci yara da yawa. Amma ko da wannan aibi, makarantar ta ba Dauda karatu da rubutu, ta haɗa shi da 'yan'uwansa kurame, ta kuma sa masa fensir a hannu. Nan aka ga yaron yana da ido, abin da ya duba sau ɗaya ya kan iya zana shi.

Koyon sana'a

Yankin da aka haife shi yana da farar ƙasa wadda a ke yin tangaran da ita, watau farantai da kofuna masu ƙyalli. Ma'aikatun tangaran suna da yawa a wurin. Sa'ad da ya zama saurayi, sai aka sa shi koyon yi wa tangaran ado. Bayan wannan ya shiga makarantar sana'ar tangaran a garin Selb, wanda ya yi suna a wannan aiki.

Sana'ar tana bukatar haƙuri da hannu marar rawa. Mai ado ya kan zana fure ko ganye a bakin faranti da buroshi siriri, sa'an nan a sa farantin cikin tanderu. Launi ya kan sake a cikin wuta, saboda haka dole mai zane ya san tun da fari yadda aikinsa zai fito. Dauda ya ƙware, ya sami aiki, yana ci da kansa. Amma zuciyarsa tana wurin zanen hoto sosai. Cikin 1934 ya sami shiga babbar makarantar zane ta gwamnati a Munik. Yana karatu, yana kuma yin zanen talla da ado wa wani babban kanti domin ya sami abin zaman gari.

Masu zanen abin da ke zuci

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu faɗi irin zanen da ya tarar a ƙasarsu. Da, gwanin zane shi ne wanda hotonsa ya yi kama da abin da ido ke gani daidai. Amma da na'urar ɗaukar hoto ta yawaita, waɗansu samarin Jamus suka ga ba amfani su yi gasa da ita. Suka ɗauki wata hanya, watau su zana abu yadda zuciya ta ji shi. In mutum yana jin tsoro, su kan ƙara girman idonsa. In yana jin yunwa, su kan ja hannuwansa su yi tsawo, ƙasusuwa a waje. Ba su damu da kyau ba, gaskiyar abin da ke ciki su ke nema. Turawa suna kiran masu wannan hanya Ekspireshanis.

Ƙungiyarsu ta fari ta tashi a garin Diresdin cikin 1905, sunanta Gada. Ta biyu ta tashi a Munik cikin 1911, sunanta Shuɗin Mahayi. Ɗaya daga cikinsu, Franz Marc, har dawaki shuɗɗa ya zana. Akwai kuma wata mace, Käthe Kollwitz, wadda aka kashe ɗanta a yaƙi cikin 1914, ta yi ta zanen iyaye mata masu makoki da matalauta.

Mutanen nan suka rayar da wata tsohuwar sana'ar Jamusawa, watau buga hoto da katako. Ga yadda a ke yi. A kan sami allo mai santsi, a zana hoto a kai. Sa'an nan a ɗauki 'yar wuƙa a ƙwaƙule duk inda a ke so ya fito fari, kamar yadda masu sassaƙar ƙwarya ke yi. A shafa tawada a kan abin da ya rage, a danna takarda a bisa, sai hoto ya fito kamar hatimi. Dama ta kan koma hagu, hagu ta koma dama, abin da wuƙa ta cire kuwa ba ya komawa. Baƙi da fari ne kaɗai, babu wurin ɓoye kuskure. Allo ɗaya ya kan buga hoto da yawa, har talaka ya iya saye. Dauda ya zo bayan waɗannan mutane da tsara guda, amma sawunsu ya bi, wuƙa da katako kuwa suka zama kayan aikinsa na musamman.

Zamanin Hitila

Ran 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya hau mulkin Jamus. Shi da jam'iyyarsa ta Nazi suna koyar da cewa akwai jini mai tsabta da jini marar tsabta, akwai kuma rai wanda bai cancanci a bar shi ba. Dauda ya faɗa cikin abin ƙinsu ta hanya uku.

Ta fari, shi kurma ne. Ran 14 ga Yuli, 1933, aka kafa doka cewa a yi wa masu waɗansu cututtuka na gado aikin asibiti domin kada su haihu, ko suna so ko ba su so. An lissafta kurumta ta gado a ciki. Mutum wajen 400,000 aka yi wa wannan aiki, kurame a cikinsu wajen 15,000 ne bisa ga binciken wani malamin kurame, Horst Biesold. Abin baƙin ciki, waɗansu malaman makarantun kurame su ne suka miƙa sunayen almajiransu. Kurumtar Dauda ta ciwo ce, ba ta gado ba, amma mutanensa ne a ke yi wa haka. Daga 1939 kuma aka shiga kashe naƙasassu da ke gidajen jinya, har aka kashe mutum wajen 70,000 kafin ƙarshen 1941.

Ta biyu, shi mai zane ne na sabuwar hanya. Cikin Yuli, 1937, gwamnati ta kwashe hotunan Ekspireshanis daga gidajen ajiya na ƙasa, ta rataye fiye da 600 a wani gida a Munik domin jama'a su zo su yi musu dariya. Aka ce zanen lalatattu ne. Aka hana da yawa cikin masu zanen yin sana'arsu.

Ta uku, wadda ta fi duka, shi Bayahude ne. Dokokin Nurambag na 1935 suka tuɓe wa Yahudawa 'yancin 'yan ƙasa. Kaɗan kaɗan aka fitar da su daga aikin gwamnati, da makarantu, da ciniki.

Sati huɗu a Dakau

Daren 9 ga Nuwamba, 1938, 'yan Nazi suka tashi a dukan ƙasar. Suka ƙone majami'un Yahudawa, suka farfasa kantunansu, har gilashi ya rufe tituna. Aka kama maza wajen 30,000. Dauda yana cikinsu. Aka kore shi daga makarantar zane, aka kai shi sansanin Dakau, wajen mil 10 daga Munik, tare da Yahudawa kusan 11,000.

An buɗe wannan sansani tun Maris, 1933. Wanda aka kawo, a kan aske masa kai, a ƙwace tufafinsa, a ba shi na fursuna. Safe da yamma a kan tsai da su sahu sahu a fili domin ƙidaya, wani lokaci sa'o'i da yawa, ga sanyin Nuwamba na ƙasar Turai. Da ihu masu gadi su ke ba da umurni, wanda ya yi jinkiri kuwa sai duka.

Masu karatu, ku duba halin kurma a irin wannan wuri. Ba ya jin an ce a cire hula. Ba ya jin an kira lambarsa. Ba ya jin takun mai gadi a bayansa. In dare ya yi ba ya ganin leɓen kowa. Abin da ya rage masa sai ido, ya lura da na kusa da shi, in ya motsa shi ma ya motsa. Mai ji ya iya sunkuyar da kai ya rufe ido daga abin da a ke yi. Kurma ba shi da wannan dama, dole ya duba kome. Dauda ya duba, abin da ya gani kuwa ya zauna a kansa har tsufa.

Ɗaruruwa cikin waɗanda aka kama a wannan wata suka mutu a sansani. Sauran aka yi ta sakinsu, aka ce su bar ƙasar. Bayan sati huɗu aka saki Dauda.

Hanyar Shanghai

An ce su fita, amma ina za su? Cikin Yuli, 1938, wakilan ƙasashe 32 sun taru a Ebiyan ta Faransa a kan maganar Yahudawa masu gudun hijira. Kusan dukansu suka nuna tausayi da baki, amma ba su buɗe ƙofa ba. Kurma kuwa ya fi kowa shan wuya wajen samun biza, gama ƙasashe da yawa suna ganin naƙasasshe kaya ne.

Wuri ɗaya ya rage, watau Shanghai, babban birnin ciniki a bakin teku a ƙasar Sin. A lokacin nan birnin a rabe ya ke. Wani yanki yana hannun Ingilishi da Amurkawa, wani yana hannun Faransawa, wani kuma sojan Japan sun ci shi tun 1937. Saboda wannan rabuwa, har zuwa watan Agusta, 1939, mutum ya kan sauka ba tare da biza ba. Bayan haka aka tsananta, sai mai takardar izini. Yahudawa wajen 18,000 daga Jamus da Ostiriya suka tsira ta wannan ƙofa.

Da taimakon wani ɗan'uwansa da ke Amurka, Dauda ya shiga jirgin ruwa daga Italiya cikin 1940. Tafiyar ta kan ci wajen wata guda, ta mashigin Suwes, da tekun Indiya, da Singafo. Gwamnatin Jamus ba ta barin mai fita ya ɗauki kuɗi fiye da mak 10. Cikin Yuni na shekarar nan Italiya ta shiga yaƙi, hanyar teku ta rufe. Da ya ƙara 'yan watanni, da bai fita ta nan ba.

Gani ya kori ji

A Shanghai wani abin mamaki ya faru. Likitoci da lauyoyi da manyan malamai na Jamus suka sauka daga jirgi, sai suka ga sun zama kamar kurame. Ba su jin abin da mutanen gari ke faɗi, ba su iya karanta rubutun kan bango, in za su sayi abinci sai da nuni. Abin ya dame su ƙwarai, yawancinsu suka tsaya a cikin 'yan'uwansu, ba su kusaci mutanen Sin ba. Amma Dauda haka ya ke zaune tun yana yaro. Ciniki da hannu, da karanta fuska, da lura da tafiyar mutum, duk sana'arsa ce ta kullum. Sai ya ɗauki takarda da fensir ya shiga gari.

Bai tafi zanen manyan benaye na bakin kogi kaɗai ba, inda bankunan Turawa su ke. Talakawa ya zana. Akwai wani irin keke mai ƙafa biyu a birnin, wanda mutum ke ja da gudu, mai kuɗi yana zaune a baya. Masu jan keken nan dubbai ne, suna gudu cikin rana da ruwa saboda 'yan kwabbai, da yawansu ba su kai tsufa. Mutane suna hawa kullum, ba su duba fuskar mai ja. Dauda ya duba. Ya sassaƙa su a katako suna gudu, suna jira, suna hutawa. Cikin 1942 aka buga hotunan a littafi guda a Shanghai. Bayan wannan ya yi jerin hotunan masu bara, da na yaran Sin, da na masu sana'a a bakin titi. Hotunan katako da ya yi a birnin sun kai wajen 300. Yawancinsu ƙanana ne, amma wanda ya duba ya kan ga kowane mutum da halinsa. Bai zana su kamar abin dariya ko abin kallo na baƙuwar ƙasa ba.

Ya kuma sami suna na Sinanci, Bai Luhei, wanda ya yi kusa da Bloch a faɗa. Ma'anarsa fari, kore, baƙi. Suna ne da ya dace da mai launi.

Zama ya ƙara tsanani. Cikin Nuwamba, 1941, Jamus ta soke zaman ɗan ƙasa na kowane Bayahude da ke waje, suka zama marasa ƙasa. Cikin Disamba Japan ta kama yankin Ingilishi da Amurkawa. Ran 18 ga Fabrairu, 1943, Japanawa suka ba da doka cewa marasa ƙasa waɗanda suka zo bayan 1937 su koma wata unguwa a Honkiyu, wadda ba ta fi mil ɗaya tsawo da mil ɗaya faɗi ba, ga kuma mutanen Sin wajen 100,000 a cikinta tun da. Dokar ta hau kan Dauda kamar sauran. Ba a fita unguwar sai da takarda, mai ba da takardar kuwa wani ma'aikaci ne wai shi Goya, wanda ya yi suna wajen marin mutane. Aka sha yunwa, da zawo, da zazzaɓi. Ran 17 ga Yuli, 1945, bom na jiragen Amurka ya faɗa unguwar, ya kashe 'yan gudun hijira da mutanen Sin masu yawa. Amma Japanawa ba su kashe Yahudawa kamar yadda Jamusawa suka yi ba. Da yaƙi ya ƙare cikin Agusta, aka fara manna jerin sunaye a bango. Sa'an nan ne mutanen Honkiyu suka san abin da ya faru a Turai: an kashe Yahudawa miliyan 6.

Aure da ƙasa ta uku

A Shanghai Dauda ya sadu da kurame 'yan ƙasar. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, kowace ƙasa da tata. Amma kurame biyu na ƙasashe dabam su kan fahimci juna da sauri fiye da masu ji. A cikinsu ya sami wata budurwa kurma, 'yar Sin, ana ce da ita Lilly. Cikin 1946 suka yi aure. Irin wannan aure ba shi da yawa tsakanin 'yan gudun hijira da mutanen gari. Shi bai san Sinanci a kunne ba, ita ba ta san Jamusanci ba, amma hannu ya ishe su.

Cikin 1949, shekarar da 'yan Kwaminis suka ci Shanghai, suka tashi zuwa Amurka. Suka zauna a garin Mount Vernon, kusa da birnin Niyu Yok, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Sana'ar da ya koya yana saurayi ita ta riƙe gidan. Ya sami aiki a wata ma'aikata mai buga adon da a ke mannawa a jikin tangaran, ya yi fiye da shekara 25 a can. Har aikin hannunsa ya shiga cikin adon farantan fadar Shugaban Amurka a zamanin Lyndon Johnson. Dukan shekarun nan furanni da tsuntsaye ya ke zanawa. Maganar Dakau tana nan a ajiye.

Komawa Dakau

Bayan ya huta da aiki, cikin 1976 ya koma Jamus ziyara, yana da shekara 66. Ya tafi Dakau, ya tarar an mai da wurin gidan tunawa. Ya ga filin da ya tsaya a ciki shekara 38 da suka wuce. Ƙasar haihuwarsa ma ba ta kuɓuta ba, gama mil kaɗan daga Floss 'yan Nazi sun gina sansanin Flossenburg, inda mutum wajen 30,000 suka mutu. A can ne aka rataye Fasto Dietrich Bonhoeffer ran 9 ga Afrilu, 1945.

Da ya komo gida sai ya ɗauki buroshi da wuƙa, ya soma aikin da ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Ya zana sahun fursunoni a filin ƙidaya, da waya mai ƙaya, da taragon jirgin ƙasa cike da mutane, da ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare. Ya kan yi su da shuɗi mai sanyi da baƙi. A nan ne hanyar masu zanen abin da ke zuci ta yi masa amfani sosai, gama na'urar ɗaukar hoto ta iya nuna waya da bango, amma ba ta iya nuna tsoro.

Bai manta da kurame ba. Ya yi wani hoto mai suna Hannuwa Masu Kuka, domin tunawa da kuramen da aka kashe da waɗanda aka hana haihuwa. Littafin da Horst Biesold ya buga cikin 1988 a kan wannan al'amari ma sunansa ke nan. Kafin lokacin nan kusan ba wanda ya kula da labarinsu. Masu ji da suka tsira sun ba da shaida a kotu da rediyo, amma kurame ba a cika tambayarsu ba, gama masu tambaya ba su iya maganar hannu ba. Hoto kuwa ba ya bukatar tafinta. Dauda da kansa ya ɗauki hotunansa su ne harshensa.

Matarsa ta rasu cikin 1987. Cikin 1997 wata cibiya ta masu aikin bishara na Katolika a Sankt Augustin ta Jamus ta tattara hotunansa na Shanghai ta buga su a littafi ɗaya. Dauda ya rasu ran 16 ga Satumba, 2002, a jihar Niyu Yok. Cikin 2004 aka rataye hotunansa a gidan tunawa na Dakau, a wurin nan da aka aske masa kai. Takardunsa da hotunansa da yawa suna ajiye a cibiyar Leo Baeck a Niyu Yok.

Abin lura

Mutanen Hitila sun auna Dauda sun ce ba shi da amfani. Mulkinsu ya yi shekara 12 ya rushe, shi kuwa ya zama ɗaya daga cikin shaidun da suka nuna wa duniya aikinsu. Amma a tuna, bai zama haka da baiwa kaɗai ba. Da danginsa sun bar shi a gida sun ce maraya ne kurma, da bai iya karatu ba, da bai sami sana'a ba, da bai iya cika takardun da suka fitar da shi daga Jamus ba. Abin da aka yi masa yana ɗan shekara 5 shi ya tsaya masa yana ɗan shekara 30.

Sanƙarau da ya taɓa shi, shi ne ke taɓa namu. Cikin 1996 kaɗai ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, ya kashe fiye da 11,000, ya bar waɗansu ba su ji. Akwai allurar rigakafi, akwai kuma magani in an kai marar lafiya asibiti da wuri. Wanda kunnensa ya riga ya tafi kuwa, hankalinsa bai tafi ba. Kuramenmu suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, an kuma buɗe musu makarantu a Kano, da Kaduna, da kusa da Jos, da Yamai, da waɗansu wurare. In akwai irin yaron nan a gidanku ko a unguwarku, kada a ce bebe ne kawai a tura shi kiwo ko bara. A koyi maganarsa, a kai shi makaranta, a sa masa sana'a a hannu.